Ƙunshin Kaka Mero

Kaura Namoda,
5 ga Afrilu, 2000.

Zuwa ga matata Hamida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da abin da ke tare da ke. Yaya nauyin jiki, yaya wanga zafi? Ki gaida mini Baba da Inna, ki yi musu ta'aziyyar Isma'ila ɗan kawunki, Allah ya jiƙansa. Ni lafiyata ƙalau, sai kewarki da ta hana ni sakat.

Asta mai daddawa ce za ta kawo miki wasiƙar nan, tunda har yanzu mata 'yan kasuwa kaɗai ake bari su ƙetara gulbi. Na so in biyo ta, ta ce Baba ya ce kada in kuskura in taka Hayi yanzu, samarinku ba su huce ba. Na ji, na bi. Amma wallahi ranar da na raka ki goyon ciki, da na san haka za ta faru, ko Inna za ta yi fushi ba inda za ki. Tun da aka yi sabuwar jiha, garinmu Tungar Marke ya faɗa ɓangaren Shinkafi, Hayinku ya faɗa na Zurmi, nake faɗa miki fadamar albasar da ke tsakani za ta ja mana magana. Ban taɓa zaton za ta kai ga ƙone gari da zubar da jini ba.

Mutanenmu duk suna nan Kaura, an zuba su a tsohon siton gyaɗa da ke bayan tashar jirgin ƙasa. An raba shi da zana, maza gaba, mata baya. Na yi juyin duniya kakata Mero ta dawo gidanmu ta zauna a ɗakinki, ta ce ita ba ta bin miji marowaci irina, inda jama'a suke nan take. Kin dai san bakinta. Amma ta rame, Hamida. Tun rasuwar Shamsu ba ta cin abin kirki. Ni ma da ƙyar nake rubuta sunansa. Ƙanena ɗaya tilo, ya fita ban ruwan albasa, aka dawo da shi a kan amalanke.

Baffa Marafa Jelani kuwa ko rawaninsa bai samu ɗaukowa ba, amma sarauta ba ta tsaya ba. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa mishi tabarma a bakin sito, dattawa su kewaye shi, Yari ɗan Sarkin Noma yana tsaye yana ta kumfar baki. Ni a raina gwamnatin sito nake ce musu. Hukuma ta kafa kwamitin sulhu, ta ce kowane ɓangare ya kawo buƙatunsa a rubuce kafin ruwa ya sauka, to shi suke ta tattaunawa.

Jiya na ji Yari yana rantsuwa cewa ba su ba zama da mutanen Hayi har abada. Raina ya ɓaci, na ce bari in ba su labarin da zai sanyaya musu jiki. Kin tuna tsohuwa Hilda, mai tsaron ƙofar masaukinmu lokacin da nake karatun safiyo, wato awon ƙasa, a Cekoslobakiya? Na gaya musu yadda sojan Jamus suka mamaye ƙasar a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, shugabanninta suka gudu Landan suka kafa gwamnati a can. Tun yaƙi bai ƙare ba suka zauna suna tsara inda iyakar ƙasa za ta tsaya, da yadda za a kwashe Jamusawan da suka yi ɗaruruwan shekaru a cikinta a tura su Jamus. Da aka ci yaƙi aka yi hakan, mutum kusan miliyan uku, mai laifi da marar laifi. Hilda Bajamushiya ce, ta tsira don mijinta ɗan ƙasa ne. Uwarta kuwa aka sa ta a jirgin ƙasa da ƙunshin da za ta iya ɗauka, ba su sake ganin juna ba. Na gaya musu ƙauyukan da muka je awo na gani da idona, ba kowa, itatuwan tuffa na zubar da 'ya'ya a kan kufai, ciyawa ta cinye maƙabarta.

Kowa ya yi tsit, har matan da ke bayan zana. Na dawo gida ina jin na yi abin kai. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, ki ci abinci, kada ki riƙa ɗaukar tulu don ki burge Inna. Shekarun da muka yi muna roƙon Allah wanga ciki sun isa ki lallaɓa shi.

Naki a kullum,
Hayatu.

Kaura Namoda,
19 ga Afrilu, 2000.

Zuwa ga Hamida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Baba da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar da kika ce tana kumbura? Wasiƙarki ta iso, na karanta ta har takardar ta yi laushi.

Hamida, na yi ɓarna da bakina. Ashe shirun da suka yi ba na tausayi ba ne, na lissafi ne. Bayan kwana biyu Baffa ya aika aka kira ni, ya yi mini godiya a gaban dattawa. Wai shi bai san an taɓa yin haka a duniya ba, har manyan ƙasashe suka sa hannu. Wai in Turawa masu ilimi sun zauna a gudun hijira sun tsara iyakarsu sun kori baƙinsu, me zai hana mutanen Tungar Marke? Tirƙashi! Na buɗe baki in ce ba haka nake nufi ba, Yari ya riga ni da kabbara.

Ga abin da suka shirya kai wa kwamiti. A ɗage iyaka daga gulbi a kai ta bayan Hayi, har kukar nan ta hanyar Zurmi. Mutanen Hayi su koma Nijar, inda kakanninsu suka fito lokacin yunwa. A rushe gidajen a yi gona. Kuma kowa ya fita da abin da zai iya ɗauka a ka, ba amalanke, ba jaki. Wannan na ƙarshe daga bakina suka ɗauke shi, daga ƙunshin uwar Hilda.

Liman kaɗai ya yi magana. Ya ce Shari'ar da muka cika gari da murnar zuwanta ba ta kama wani da laifin wani, a nemo waɗanda suka kashe Shamsu da waɗanda suka kashe Isma'ila a kai su gaban alƙali, a bar sauran bayin Allah. Yari ya ce ai dole ya faɗi haka, matarsa 'yar Hayi ce. Haba! Wa ke cikin sito wanda ba shi da uwa ko mata ko suruka a Hayi? Suna magana sai ka ce zanar nan katanga ce, alhali kusan rabin matan da ke bayanta can aka haife su. Ita kanta Kaka Mero, uwar Marafa, 'yar Hayi ce. Sai dai kin san ba ta iya ce mishi komai. Ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta yi magana da shi ido da ido ba. In ya shigo sai ta juya baya, in tana son ambatonsa sai ta ce mai rawani. Don haka da ni ta yi. Ta kama rigata tana tambaya wai ƙunshin tsohuwar Baturiyar nan ya kai girman me, kuma da ƙafarta ta hau jirgin ko ɗaukarta aka yi. Na ce mata ta bar ni da abin da ya dame ni.

Abin da ya dame ni kuwa shi ne wannan. Baffa ya ce kwamiti ba zai saurari surutu ba, amma in ya ga taswira daga hannun safiyo na gaske, da hatiminsa, zai tsaya ya duba. Ni suke so in ja layin. Ya tuna mini wanda ya riƙe mu ni da Shamsu bayan rasuwar mahaifinmu, wanda ya ɗora ni a jakinsa ya kai ni makaranta. Ya tambaye ni ko jinin ƙanena bai kai tawada ba. Ban iya ɗaga kaina ba, don duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai lokacin da in na tuna Shamsu a kan amalanke nakan ji ko Hayi duka za a tasa ban damu ba. Sai in tuna a ina kike kwance.

Game da ke, ya ce matar ɗansa ba baƙuwa ba ce, in aika a ɗauko ki tun kafin a kai takarda. Ni kuma ga wasiƙarki a aljihuna, inda kika ce duk abin da zai samu Baba da Inna sai dai ya same ku tare, in an tasa su gaba da ke za a tasa. Na san ki, in kin faɗa kin faɗa. To ni ina zan sa kaina? In na ja layin, da hannuna na kori matata da ɗana zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. In na ƙi, na zama wanda ya sayar da jinin ɗan'uwansa. Na ce wa Baffa ya ba ni lokaci, kayan aikina suna ofis. Ƙarya ce, suna nan ƙarƙashin gado.

Ina tsoro, Hamida. Kada ki karanta wa Baba wannan, kada samari su ji su sake tashi. Ki yi mana addu'a.

Mijinki,
Hayatu.

Kaura Namoda,
5 ga Mayu, 2000.

Zuwa ga mai jego,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka, barka, barka da arziki! Allah ya raya, Allah ya ba ki lafiyar shayarwa. Yaya jikin, yaya ruwan zafi? Ina gaida Inna da ɗawainiya, ina gaida Baba.

Jiya Asta ta shigo tun daga bakin titi tana guɗa, ta ce ɗiya ce, da hantsi aka same ta. Na yi sujada a tsakar gida, na tashi na rasa abin yi, sai na ba ta agogon hannuna tukuici. Ta ce wai hancina ta ɗauko. Allah sarki yarinya, me ta yi aka haɗa ta da wanga hanci? Ta ce an binne cibiyarta a bayan ɗakin Inna, gindin lalle.

Da murnata na tafi sito in gaya wa Baffa, tunda shi ne a matsayin uba, shi zai zaɓi suna, shi zai ja mu zuwa gidanku ranar Alhamis da rago da goro. Ya ce Allah ya raya. Sannan ya ce kwamiti zai zauna ran sha biyar ga wata, taswira tukuna, sannan rago. Kuma ba wanda zai fita daga zuriyarsa ya je ya zauna a zauren mutanen Hayi.

Na dawo na jawo kayan aiki, na ce bari in yi in huta. Na zana gulbi. Na zana fadama da rijiyoyinta, na zana gari kamar yadda yake kafin wuta, na ƙetara na zana Hayi gida gida, don na san su duka. Na zo gidan Baba, na sa zaure, na sa ɗakin Inna, har hannuna ya ɗiga ɗan ɗigo a inda lallen yake. Daga nan alƙalami ya ƙi tafiya. Abin da ya rage layi ɗaya ne, daga kuka zuwa gulbi, aikin da ba ya ɗaukar lokacin shan kofin ruwa. Sai na ga kufan nan na ƙasar su Hilda, sai dai wannan karon da lalle a tsakiya.

Yau bayan sallar Juma'a na kai musu ita haka nan, ba layi, ba hatimi. Na ce ga garinmu ga Hayi kamar yadda Allah ya ajiye su, ban iya ƙara komai ba. Yari ya kira ni munafuki, ya kira ni mijin-ta-ce, ya ce shi zai ja layin ko da gawayi ne. Waɗannan ba su dame ni ba, wa ya rasa sanin Yari? Na Baffa ne ya kashe mini jiki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce kada in sake taka tabarmarsa, kuma shi zai sa hannu a takardar, da taswira ko babu. Mutumin da ya yi mini uba ke nan. Na fito ina jin matan bayan zana sun daina daka.

Don haka ga halin da ake ciki. Ɗiyarmu ba ta da mai raɗa mata suna daga gidan ubanta. Na sayi rago, zan ba Asta ta kawo ranar Laraba, ki roƙi Baba ya zaɓi sunan da ya ga dama, ya yafe mini wannan abin kunya. In takardar nan ta samu shiga, ban san inda zan gan ku ba. Ki riƙe mini ita da kyau, ki gaya mata tana da uba.

Naki,
Hayatu.

Hayin Tungar Marke,
10 ga Mayu, 2000.

Zuwa ga Hamida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida baƙuwarmu. Yaya kwanan jego? Ki duba saman takardar nan da kyau ki ga inda aka rubuta ta. Kada ki tashi, zauna ki karanta tukuna.

Da safe na ja rago zuwa tashar mota in damƙa wa Asta. Ina isa na tarar da motar mata ta cika, tunda yanzu ba a haɗa su da maza. Na leƙa, sai na ga fuskokin sito. Matar Liman, uwar Yari, matan dattawa, duk wadda aka haifa a Hayi, kowace da ƙunshi ɗaya a cinya. A gaba kusa da taga ga Kaka Mero, ta ɗaure zanenta biyu da carbi da ƙwaryar furarta a cikin ɗankwali. Ta ɗaga mini shi, ta tambaye ni ko ya wuce na Baturiya a rage.

Kafin in ce wani abu labari ya kai sito. Sai ga maza a guje, Baffa a gaba, ko takalmi babu. Yari yana ta yi wa direba ihu ya kashe mota. Baffa ya tsaya nesa da taga kamar yadda ya saba, ya ce a gaya wa tsohuwa ta sauko, wannan magana ba da ita ake ba.

Hamida, sai Kaka ta sa aka buɗe mata ƙofa. Ta sauko da sandarta, ta tako har gabansa, ta ɗaga kai ta dube shi cikin ido. Ta kira shi Jelani. Da ƙarfi, a tsakiyar tasha, gaban 'yan kamasho da masu sayar da rake. Mutum ya yi furfura bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba sai yau. Ta ce mishi ita 'yar Hayi ce, an ce 'yan Hayi su fita da abin da za su iya ɗauka, ga nata ta ɗauka, ba sai an tasa ta ba. Ta ce goyon cikinsa a Hayi ta yi, cibiyarsa tana bayan ɗakin uwarta, can za ta je ta zauna. In ya zo da garmar shanunsa ya fara ta kanta.

Sai na ga Baffa ya durƙusa a ƙasa cikin baƙin man mota, ya rufe fuska da hannun riga. Ita kuwa ta juya ta koma mota, ta ja mayafi ta rufe kanta, don kunyar abin da ta yi ta kama ta. Yari ya leƙa ya ga tasa uwar ta kau da kai, sai ya ja da baya.

Da Baffa ya miƙe, ya zaro takardar daga aljihu ya miƙa wa Liman. Ya ce shi ba zai sa hannu a korar uwarsa ba, Liman ya rubuta wata, a nemi a kai masu kisa gaban alƙali, a raba ruwan fadama. Wasu sun yi gunaguni, Yari ya tafi da 'yan samarinsa yana cewa ba a gama ba, kuma na san ba a gama ɗin ba. Amma takardar kora ba za ta je kwamiti da hannun Marafa ba. Sannan ya dubi ragon, bai dube ni ba, ya ce in yarinya ta kwana bakwai a sa mata sunan tsohuwa.

Ni ban san lokacin da na hau bayan a-kori-kurar da ke ɗauke da buhunan Asta ba, ni da rago. A bakin gulbi 'yan sanda suka ga tsofaffi suka matsa. Can ƙetare samarinku suka taso da sanduna, sai suka ga gwaggonninsu na saukowa ɗaya bayan ɗaya da ƙunshi a ka. Wani ya nuna ni, Kaka ta ce mijinta ne, wanda ya isa ya taɓa. Haka na ratsa yashin gulbi a bayanta, ina jan rago yana ja na, daidai inda layin da aka ce in ja zai ƙare.

Yanzu ina zaune a zauren Baba. Ya riƙe hannuna ya yi mini ta'aziyyar Shamsu, na yi mishi ta Isma'ila, muka yi kuka mu biyu ba kunya. Na san ba a shiga wajen mai jego a gidan surukai, ba zan karya al'ada ba, shi ya sa na ba Kaka wasiƙar nan ta shigo miki da ita. Ki ba ta wuri kusa da ke, ta gaji, kuma kada kowa ya tayar mata da maganar tasha.

Tun ɗazu nake jin kukan jariri ta bayan katangar nan. In ta sha ta ƙoshi, ki ba Inna ita ta miƙo mini ta bakin ƙofa. Ina so in ga Mero, in ga hancin nan da idona.

Mijinki da ke zaure,
Hayatu.